Darasin taƙaita littattafan adabi ta WhatsApp a Jidda: inda ya yi amfani da inda ya gaza

A gidajen Hausawa mazauna Jidda da suka sa 'ya'yansu a makarantun da ke bin manhajar Ingila, babu aikin gida mai tayar da hankali kamar ƙagaggen labarin da malamin adabi zai ce a karanta babi kaza kafin safiyar Lahadi. Yaran nan Hausa suke ji a gida, Larabci suke yi a titi da masallaci, Turanci kuwa sai a aji, saboda haka 'yan shafuka kaɗan sukan cinye musu Juma'a da Asabar ɗungurungum. Wannan buƙata ce ta sa wata malama Bahaushiya ta buɗe darasi ta WhatsApp, kuma ɗiyata ta yi zango guda a cikinsa lokacin da makarantarsu ta ba su Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda aka fara bugawa a 1958.

Tsarin kashi biyu ne. Akwai mai sauƙin kuɗi, inda ake turo rubutaccen taƙaitaccen bayanin kowane babi. Akwai kuma na biyu, inda malamar take tara ɗalibai a kira ɗaya bayan sallar isha, ta bi babin da su baki da baki. Ana biya wata-wata, kuma ko na biyun bai kai abin da malamin da ke zuwa gida yake karɓa ba.

Rubutaccen bayanin tsaf yake, Turancinsa mai sauƙi ne, kuma ya bi babi 25 na littafin ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a ganina shi kaɗai bai isa ba, har ma yana iya cutar da yaro. Babi na 7 ya ishe mu misali. Abin da takardar ta kawo shi ne an kashe Ikemefuna, yaron da ya shekara uku a gidan Okonkwo, jarumin labarin, kuma da hannun Okonkwo a ciki. Tambayar da aka bayar a makaranta kuwa ita ce me ya sa ya aikata haka alhali dattijo Ezeudu ya gargaɗe shi tun da farko, tunda yaron uba yake kiransa. Amsar tana cikin tsoron da Okonkwo yake yi kada a ɗauke shi rago irin mahaifinsa Unoka, wannan tsoro kuwa marubucin ya shimfiɗa shi ne a hankali tun daga babin farko. Ɗalibin da ya dogara da takarda zai san abin da ya faru, amma ba zai san dalilinsa ba, kuma a kan dalilin ake ba da maki. Ga shi a jarrabawar adabi ta Cambridge akan buga wani yanki na littafin a ce ɗalibi ya yi sharhi a kan kalmomin marubucin, abin da babu taƙaitawar da za ta tanadar masa.

Darasin baki shi ne inda malamar ta nuna gwanintarta. Ba ta fara bayani sai kowane yaro ya karanta sakin layi ɗaya da babbar murya, wanda bai buɗe littafinsa ba kuwa nan take asirinsa yake tonuwa. Na saurari daren da ta yi musu bayanin fasa goro a gaban baƙo: ta tambaye su abin da ake rabawa a wurin ɗaurin aure da suna, suka amsa baki ɗaya, daga nan ta nuna musu yadda Ibo suka ɗauki goro alamar girmama baƙo. Da aka zo kan abubuwan bautar mutanen Umuofia, garin Ibo da Okonkwo ya fito, ta bayyana su a matsayin imanin mutanen cikin labarin, ba ta yi musu ba'a ba, ba ta kuma cakuɗa su da aƙidar yaran ba, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai a matsayina na uba. Idan jimla ta yi tsauri takan warware ta da Hausa, wani lokaci da Larabci saboda waɗanda Hausarsu ta yi rauni, sannan ta mayar da su kan Turancin. Ɗiyata, wadda a da take jan ƙafa, ta kai ga cewa, "Baba, bari in ƙarasa babin kafin Malama ta kira."

Akwai abubuwan da ya kamata a gyara. Ɗaliban sun yi yawa a kira ɗaya, har mai kunya yakan gama darasi bai ce uffan ba. Da jarrabawa ta ƙarato, bayanin babukan da suka biyo bayan dawowar Okonkwo daga gudun hijirar shekara bakwai a Mbanta, garin dangin mahaifiyarsa, ya makara, alhali nan ne ƙarshen labarin yake. Haka kuma malamar ba ta duba rubutun ɗalibai sai an ƙara kuɗi, kuma ba a faɗi wannan tun farko ba.

Wanda zai sa ɗansa a wannan darasi, ya zaɓi na baki, ya saya masa littafin na takarda domin ya riƙa ja wa muhimman wurare layi, kuma ya tambayi adadin ɗaliban rukunin da kuɗin duba rubutu kafin ya biya na watan farko.