Seminar ran Asabar da ɗalibai ke ja da kansu, ga yadda na same ta

Salamu alaikum jama'a. Ƙannenmu sabbin shiga da suka samu bak bana sun dame ni da tambaya a WhatsApp kan seminar nan ta ran Asabar da yayyenmu ƴan masta na jami'ar Zinder ke shiryawa, wai tana da amfani kuwa ko ɓata lokaci ce kawai, tunda ba maki ake badawa ba kuma ba ta cikin tsarin karatun jami'a. Na gaji da tura murya ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ya gani. Amsata dai ita ce ku je. Amma akwai inda abin ke da kyau ƙwarai akwai kuma inda yake ɗingishi, duka zan faɗa don kar wani ya je ya dawo ya ce na rufe shi.

Ga wanda bai san yadda take ba, ɗalibai ne zalla babu malami ko ɗaya. Farkon zangon karatu ake zama a zaɓi babban jigo, na wannan karon shi ne Damagaram jiya da yau, sai a yanyanka shi mako mako. Kowane mako mutum biyu ke ɗaukar nauyi, su ne za su nemo abin karantawa su tura a gurup tun tsakiyar mako, ran Asabar bayan la'asar a haɗu a wani aji da aka ara a wata lakwal mai zaman kanta. Ana juya bencina a yi da'ira kowa na kallon kowa. Masu gabatarwa minti 20 gare su, sauran lokacin duk na muhawara ne, akwai mai riƙe da agogo akwai mai rubuta abin da aka faɗa. Kuɗi kuwa dala 100 ce a wata, ta fotokofi da alli da gawayi da sukarin shayi, wanda ba shi da ita ma ban ga an kore shi ba.

Wani zai ce ai wannan ekspoze ce, muna yin ta a aji. Wallahi ba ɗaya ba ne. Duk wanda ya yi jami'a a ƙasashenmu ya san ekspoze, a haɗa ku biyar mutum ɗaya ya yi aikin sauran su sa suna, ran gabatarwa kowa ya karanta shafinsa kai a sunkuye, ido na kan bik ɗin malam ana jiran a ga nawa zai rubuta, ƴan aji kuma ba mai tambaya don kar shi ma a rama mishi ran nashi. A nan tunda ba makin da ake nema ba wanda kake yi wa kwalliya, kuma mai tambayarka abokinka ne da kuke cin garin rogo tare, ba ya jin nauyinka ko kaɗan, in ba ka karanta ba minti biyu ya isa a gane. Ba na ganin laifin malamanmu fa, mutum ɗaya gaban amfi cike da ɗalibai ba yadda zai yi ya saurari kowa. Amma ku tuna tsarin LMD ɗin nan da muke ciki, wato lisansi, masta, daktora, wanda ƙasashen UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, suka amince da shi tun 2007, lisansi kredi 180 ce, wato ma'aunin yawan aikin karatu, 30 kowane zango, kuma cikin awoyin da ake lissafa wa kowace kredi akwai kaso na aikin da ɗalibi zai yi shi kaɗai, ya karanta ya bincika. Yawancinmu wannan kason haddace takardar malam muke da shi daren jarabawa. A seminar nan ne na fara ganin ana yin sa da gaske.

Bari in ba ku labarin zaman da ya fi tsaya mini a rai. Wata ƴar'uwa ce ƴar Birni, tsohuwar unguwar Zinder, ta ɗauki batun kisan kyaftin Kazamaju, Bafaranshen da aka kashe a nan Zinder a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Ta zo da shafuka daga aikin marigayi André Salifou, wanda jami'ar garin nan ke ɗauke da sunansa, shi ne ya rubuta littafi kan daular Damagaram a ƙarni na 19 wanda ya fito a 1971. Sannan ta zo da salularta, ta ce ta zauna da kakarta ta ɗauki muryarta, ta ɗora wayar cikin kwanon silba don sauti ya fito ta kunna mana. Tsohuwa na magana a hankali tana tsayawa tana tari, ana jin kukan akuya daga baya, tana ba da labarin yadda ita ma ta ji daga nata kakannin. Wajen ya yi tsit, ko mai shayi ya daina fifita gawayi. Da ta kashe sai ta tashi ta ja layi tsakiyar allo, gefe ɗaya abin da takarda ta ce gefe ɗaya abin da baki ya ce, ta ce to ku faɗa mini inda suka haɗu da inda suka rabu.

Nan fa aka kaure. Wani ya ce ai magana a fili take, Bature na kan hanyarsa ta zuwa wajen Rabe ne, Rabe kuwa ya riga ya ci Borno tun 1893 yana zaune Dikwa, wane sarki ne zai ga baƙo ɗauke da bindigogi zai je ya ƙulla da wanda kake tsoro ya bar shi ya wuce. Wani ya ce a'a, a duba ƴan kasuwar da ke cin ribar hanyar Sahara, su ma suna da dalilin ƙin zuwan Faransa. Wata ta tambaya to in an san ƙarfinsu me ya sa aka yi, tunda shekara ɗaya kacal bayan nan aka yi yaƙin Tirmini a 1899 garin ya faɗa hannunsu. Sai wani ɗan shekarar farko, yaro ne da ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu ya ce shi tambayarsa ita ce wa ya rubuta takardun da masu tarihi suka dogara da su, in sojan da suka ci garin ne suka rubuta to yaya za mu auna su, kuma tsohuwar ma ai gidan da ta fito na da nasa ɓangaren da yake karewa. Wallahi daɗi ya kama ni. Wannan ita ce tambayar da ake so ɗan jami'a ya iya yi, kuma ba wanda ya ɗora mishi ita, zaman ne ya jawo ta. Daga nan aka zarce kan Sarki Tanimun da ganuwar Birni da igwan da aka ƙera a garin nan zamaninsa, har kiran magariba ya tashe mu ba a gama ba.

Wani abin da na yaba shi ne harshe. Gabatarwa da Faransanci ake yi, rahoton zaman ma haka, amma muhawara kowa da wanda ya fi mishi sauƙi. Akwai ɗalibai masu kaifin ƙwaƙwalwa da ke yin shiru a aji don tsoron kar su karya Faransanci a yi musu dariya, a nan sai ka ji mutum ya fara da Faransanci ya maƙale ya juya Hausa ya fito da hujja mai nauyi. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa ake ta magana a rediyo, to ni a wannan ɗan ajin na ga ana muhawarar ilimi da ita mako bayan mako. Kuma masu shirin sutnans, wato kare kundin bincike gaban malamai, ku saurara, tsayuwa gaban mutane a yi maka tambayar da ba ka shirya ba ka amsa ba tare da murya ta rawa ba, abu ne da sai an saba, nan ne wajen sabawa.

Abin ba baƙo ba ne gare mu in an duba, a makarantar allo ma gardi ke biya wa ƙolo, sai dai can malam na zaune gefe kan buzunsa kunnensa na wajen, da an yi tuntuɓe zai gyara. To wannan kunnen ne babu a seminar nan, kuma shi ne babban raminta.

Ran da aka yi batun ƙarancin ruwa na gane haka. Ba wanda ke zaune Zinder da ke buƙatar a yi mishi bayanin layin jarka ko kuɗin ƴan garuwa lokacin zafi, kuma batun na da tushe mai tsawo, garin na zaune kan dutse ne, har ma ana lissafa ruwa cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai a 1926. Batu mai daɗi kamar wannan, amma masu gabatarwa suka zo da lambobi cike da allo, da aka ce daga ina sai suka ce intanet, da aka matsa sai ya fito manhajar nan mai amsa tambaya ce ta rubuta musu. Cikinmu ba wanda ya san fannin sosai da zai ce wannan daidai wannan kuskure, ƴan ƙanana kuwa sun riga sun kwafe cikin kaye. Raina ya ɓaci ranar. Ƙarya da aka rubuta kan allo cikin ajin karatu ta fi ta fada illa don mutum zai ɗauka ilimi ne ya tafi da ita. Da akwai malamin labarin ƙasa ɗaya zaune baya, ko bai ce komai ba sai ƙarshe, da an tsira.

Sai matsalar masu baki. Akwai mutum uku zuwa huɗu da kowane batu sun san shi, sun saba da taron ƙungiya, in sun karɓi magana sai sun kai ta siyasar duniya, mai agogo kuma ƙaninsu ne yana jin kunyar ya ce yaya lokaci ya cika. Ranar da mai jan zaman ke da ƙarfin hali abin na tafiya, ranar da ba shi da shi sai ta koma hirar fada. Lokaci ma ba a riƙewa, a ce ƙarfe 4 da rabi sai 5 ta wuce ana jiran mai makulli, kuma waɗanda ke cutuwa da wannan ƴan mata ne, don yawancinsu dole su nemi kabu-kabu kafin magariba, sai ya zama daidai lokacin da muhawara ta yi zafi suna tattara jaka. Mun rasa ƴan'uwa mata masu ƙoƙari saboda wannan kaɗai, abin ya dame ni sosai. Takardun karatu kuma wani lokaci sai daren Juma'a ake turowa, hoton shafi a karkace rabi cikin inuwa, ga rezo ga forfe. In jarabawa ta matso kuwa ajin sai ya koma mutum shida bakwai, kuma ban ga laifin kowa ba tunda ba kredi a ciki.

Wasu jami'o'in sun riga sun warware wannan. A jami'ar Kalifoniya da ke Bakli a Amurka akwai tsarin da suke kira DeCal, ɗalibai ke ƙirƙiro darasi su koyar da ƴan'uwansu, amma sai wani malami ya duba tsarin ya sa hannu ya ɗauki alhaki, kuma ana lissafa shi cikin kredi. Jami'ar Biritish Kolombiya a Kanada ma na da irinsa, manyan ɗalibai ke kawo shawarar darasin da babu shi a jami'ar, malami ya tsaya musu. Ba kuɗi ne ya bambanta mu da su a nan ba, sa hannun malami ne da amincewar hukuma.

Don haka yayyena masu shiryawa, ina girmama ku don ba wanda ya biya ku kuma kun ba mu abin da ba mu da shi, amma dan Allah ku nemi malami ko ɗaya ya riƙa duba takardun kafin a turo, ya leƙo ko sau ɗaya a wata, na tabbata akwai matasan dakta da za su yarda in an je musu da ladabi. Ku kafa doka duk lambar da ta hau allo a rubuta inda aka samo ta a gefenta. Ku maida zaman safiyar Asabar ko ku fara kan lokaci ko da mutum biyar ne. Agogo kuma a ba wanda ba ya jin kunyar kowa. In an yi shekara ana ajiye rahoton kowane zama cikin fayil ɗaya, kuna da abin da za ku ɗauka ku kai wa shugaban sashe ku nemi a san da ku.

Ku kuma ƙannena, in abin da kuke nema maki ne ko takardar shaida to babu su a nan. In kuna son ku koyi karanta shafi goma ku fito da magana ɗaya taku, ku kare ta gaban mutane, ku je, ku karanta abin da aka turo kafin ku zo, kuma kar ku jira sai kun ƙware kafin ku karɓi mako, ku nemi a haɗa ku da ɗan masta ku ɗauka tun zangon farko. Ku riƙa tafiya da ruwanku don ajin na da zafi kuma fanka ɗaya ce, ita ma sai in akwai kuran. Batutuwan da suka rage a jerin bana akwai matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 da kuma cinikin fata da kasuwar Dole, na matatar ne har yanzu ake neman mutum na biyu da zai ɗauka.