Garejin da ya mayar min da Subaru STI kan man E85

Masu ta tambayata a inbox ya aikin mayar da motata kan E85 ya kasance, wato man mota haɗin etanol da fetur da sunansa ke nufin kashi 85 etanol ne, ga bayani nan dai a dunƙule kowa ya huta. Motar STI ce ƴar 2016, doki 305 take zuwa da shi daga kamfani, garejin kuma wani ƙarami ne a gefen birnin Minneapolis na Amurka, galibi Subaru suke taɓawa, sai Mitsubishi Evo jefi jefi.

Tun kafin in zauna mai garejin ya tambaye ni wane gidan mai nake sha kuma ina barin motar ta daɗe a ajiye ko kullum tana kan hanya. Nan ya fara burge ni gaskiya, don etanol yana jan danshi, in ka cika tanki ka kulle mota wata da watanni matsala kake saya. Ya kuma ƙi yarda ya yi min saitin E85 zalla, sai dai fleks, wato a saka sensa a layin mai tana karanta yawan etanol ɗin da ke tanki tana faɗa wa birenbos ya daidaita kansa. Dalili kuwa abin da aka rubuta E85 a jikin famfo ba lallai 85 ba ne, a Amurka an yarda ya kama daga kashi 51 zuwa 83, lokacin sanyi rage shi ake yi don motoci su iya tashi, to in saitinka na abu ɗaya ne kullum ai caca kake da injinka.

Sun canja nozul zuwa masu 1050cc, sun saka famfon mai Walbro 450, sai sensar da na faɗa, sannan aka ɗora ta kan na'urar daino mai auna ƙarfin inji kusan wuni guda. Kuɗi dai ya haura dala dubu biyu, ba su ɓoye min komai ba, takarda suka ba ni tun farko kuma abin da ke ciki shi na biya.

Ƙarfi kam ya zo wallahi. Man firimiya da muke samu nan yawanci oktan 91 ne, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba, shi kuma E85 ya haura 100 ga shi yana sanyaya cikin injin, shi ya sa aka samu damar ƙara wa turbo iska ba tare da injin ya fara ƙwanƙwasa ba. A giya uku in ka taka totur sai ka ji kujera ta riƙe ka, kuma ko ranar zafi ba ta yin laushin nan da ta saba yi da. Hayaƙin salansa ma wani ƙamshi ƙamshi yake, madam ta ce kamar ana dafa masara, to dama daga masarar ake tatso shi.

Amma duk wanda ya ce maka za ka rage kashe kuɗin mai to bai gwada ba. Eh galan ɗin ya fi arha, sai dai injin na buƙatar ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari kafin ya yi aikin da fetur zai yi, tanki ƙarewa yake kamar an huda shi, abin da ka rage a famfo ka mayar da shi a yawan komawa. Ga baƙin mai da suka ce in riƙa juyewa da wuri. Safiyar Janairu kuwa sai ta yi ta tari kafin ta kama, na koma suka ɗan gyara saitin kyauta, ta yi dama amma ba kamar kan fetur ba, yanzu in sanyi ya tsananta haɗawa nake da firimiya kawai sensa ta ji da sauran.

Inda suka gaza shi ne waya, ka kira ka kira ba mai ɗauka, layin jira kuma ya fi wata. Kulocina ma ya fara santsi daga baya, sun dai ambata min a tsaitsaye amma da sun nanata da na haɗa kuɗinsa a lissafi tun farko. Tauraro huɗu na ba su cikin biyar.

Masu niyyar tura irin wannan motar gida kuma, babu E85 a gidajen man Kano ko Abuja, don haka a tabbata fleks ce, kuma a sa mai saitin ya sassauta ɓangaren fetur ɗin kafin ta hau jirgin ruwa.