Wane bugu na The Dark Side of the Moon ya dace ka saya?

Wannan kundin waƙoƙi na ƙungiyar mawaƙan Ingila Pink Floyd ya fito a watan Maris na 1973, an naɗe shi a sutudiyon Abbey Road da ke Landan, kuma an sha sake buga shi. Da wurare biyu ake gwada kowane bugu: bugun zuciyar da ke buɗe kundin a hankali, da ƙarar agogunan farkon waƙar "Time". In zuciyar ta nutse cikin ƙaraf-ƙaraf, ko agogunan suna tsaga kunne, ajiye shi.

Masu tara faifan garmaho bugun farko na Ingila suke nema: kamfanin Harvest, lamba SHVL 804, dalar da ke tambarin tsakiya shuɗiya ce cike, ga fosta biyu da sitika biyu a ciki. Sautinsa na da daɗi, sai dai tsada, kuma yawancinsu allura ta cinye su. Saurari ƙarshen fuska ta farko, inda mawaƙiya Clare Torry ke ɗaga murya a "The Great Gig in the Sky". Layin da allura ke bi ya matso tsakiya a nan, shi ya sa tsohuwar allura ta fi yi wa wurin ɓarna, sai ka ji muryar tana karcewa. Wanki ba ya gyara wannan.

Wanda sauraro ne ya dame shi, ya nemi bugun 2016 mai nauyin giram 180, ko na cika shekara 50 da ya fito a 2023. Sababbi ne, kuɗinsu da sauƙi. A jingine faifan a tsaye, nesa da rana, don zafi na lanƙwasa shi.

A ganina CD na 2011 da injiniyan sauti James Guthrie ya gyara ya wadatar da yawancin mutane. Minti 43 ne babu juya faifai. SACD na 2003 kuwa (wani nau'in CD mai sauti na musamman), amfaninsa na ga mai lasifika biyar da ta bes, da na'urar da ke karanta shi. In babu na'urar, sautin CD kawai za ka ji.

Mai saurare a waya ya duba ko manhajarsa na haɗa waƙa da waƙa ba tsayawa. Waƙoƙin a sarƙe suke, tsaikon daƙiƙa ɗaya tsakanin "Brain Damage" da "Eclipse" ya isa ya ɓata ƙarshen kundin.