Wata takwas da manhajar YouVersion a wayata, ina neman sanin abin da tsarki yake nufi

'Yan'uwa salama a gare ku. Na daɗe ina son in rubuta wannan, sai yau na samu zama. Wata takwas ke nan ina amfani da manhajar YouVersion ta karatun Littafi Mai Tsarki, wadda a fuskar waya za ka ga an rubuta Bible kawai, kuma abin da ya sa na sauke ta tambaya ɗaya ce da ta hana ni sakat, wato shi mai bi da aka ceta ta wurin alheri, mene ne tsakaninsa da dokokin da ke cikin Littafi Mai Tsarki? Don gaskiya na sha jin wa'azi iri biyu har kaina ya ɗaure. Wani zai tashi ya ce ai mu ba a ƙarƙashin shari'a muke ba, ya faɗe ta yadda za ka fita kana ganin kamar ba abin da Allah yake nema daga wurinka kuma, wani kuma ya jero maka dokoki tun daga sama har ƙasa ka fita jikinka a mace kana ganin ba ka da rabo. Na ce to bari in je in karanta da idona.

Ita manhajar dai kyauta ce, ba a biyan komai, kuma ba talla a ciki, wannan kam na yaba musu sosai don ba abin da ke kashe wa mutum natsuwa kamar yana tsakiyar Zabura talla ta faɗo masa. Wata coci ce a Oklahoma ta Amurka mai suna Life.Church ta fito da ita a 2008, zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500, ka ga ba ƙaramin abu ba ne. Akwai fassarar Hausa fiye da ɗaya a ciki, har da Sabon Rai Don Kowa, kuma fassarori da yawa za ka iya sauke su a waya ka riƙa karantawa ko ba data. Za ka iya shafa wa aya kala, ka rubuta abin da ka fahimta a ƙarƙashinta, ka ɓoye rubutun ya zama kai kaɗai kake gani. Amma abin da ya fi yi min amfani a wannan nazari shi ne wurin kwatanta fassara, ka danna aya ɗaya ta jero maka ita a fassarori daban daban a shafi guda. In wata kalma ta yi maka nauyi a wannan sai ka duba yadda waccan ta faɗe ta.

Da farko na shiga ɓangaren tsare-tsaren karatu na nemi waɗanda suka shafi tsarki. Suna da yawa, na kwana uku, na kwana bakwai, na wata guda, mutane da ƙungiyoyi daban daban ne suke rubuta su. Na bi guda biyu. Ɗaya ya taimake ni, ɗayan kuwa wanda ya rubuta shi ya cika labarin kansa da kalaman ƙarfafa gwiwa sai aya ɗaya tilo a ƙarshe, na gama kwana bakwai ban ƙaru da abin da na je nema ba. Daga nan na ajiye su na ce zan karanta Littafin Firistoci da kaina daga sura 1 har 27, littafin da yawancinmu in mun fara karatun shekara a nan muke tsayawa.

Ba zan ɓoye muku ba surorin farko sun yi min wuya, hadayar ƙonawa, hadayar gari, hadayar zunubi, yadda za a yi da kitse da jini, dokokin cutar fata. Na daure dai. Da na iso sura 19 sai komai ya canza min. Aya ta 2 ita ce wadda kowa ya sani, inda Allah ya ce wa Isra'ilawa su zama masu tsarki domin shi mai tsarki ne, kuma ita ce manzo Bitrus ya ɗauko a 1 Bitrus 1:15-16 ya ɗora wa masu bi. Ni duk tsawon rayuwata in aka ce tsarki abin da ke zuwa min a kai shi ne azumi, doguwar addu'a, guje wa fasikanci da maye, shi ke nan. Amma ku karanta abin da ya biyo bayan wannan aya. In ka yi girbi kar ka share gonar tas, ka bar gefe-gefe da abin da ya zuba domin matalauci da baƙo. Kar ka zagi kurma, kar ka sa wa makaho abin tuntuɓe a gabansa, mutanen da ba za su taɓa sanin wanda ya yi musu ba. Kar ka yi yawon tsegumi. Kar ka riƙe ɗan'uwanka a zuciya, ka faɗa masa laifinsa a fili. Ka tashi tsaye don mai furfura. Ma'auninka ya zama na gaskiya. Ita kanta dokar nan ta ƙaunar maƙwabci kamar kanka, wadda na ɗauka a bakin Yesu ta fara fita, ashe tana nan a aya ta 18.

Aya ta 13 ce ta kama ni. Dare ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina kwance, hasken waya a fuskata, caji saura kaɗan, na karanta cewa kada ladan wanda ya yi maka aiki ya kwana a hannunka har safe. A lokacin akwai wani bawan Allah da ya yi min gyara, kwana tara kuɗinsa na wurina, ba wai ba ni da su ba, kawai ina ta cewa gobe, gobe, ya kira sau biyu ban ɗauka ba. Na danna ayar na kwatanta ta a fassara uku, wataƙila ma ina neman wadda za ta sassauta min ne, duka abu ɗaya suka faɗa. Na tashi zaune na tura masa kuɗinsa a daren na haɗa da saƙon ban haƙuri. Amsar da ya turo da safe gajeriya ce, ya ce ya gode, da ma yaronsa ba lafiya. Har yau in na buɗe wannan sura ina ganin jan kalar da na shafa wa ayar, kuma ban goge ba.

To sai dai a surar nan ɗaya, aya ta 19, an hana sa tufar da aka saƙa da zare iri biyu, an hana shuka iri biyu a gona ɗaya. A nan tambayata ta farko ta dawo, ya za a yi in ɗauki aya ta 13 in bar ta 19? Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin Attaura sun samu 613, wanne ne nawa a ciki? Nan wurin bincike na manhajar ya yi min aiki, ina rubuta kalma kamar shari'a ko umarni ta fito min da wuraren da take, na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. A Matiyu 5:17 Yesu ya ce bai zo don ya rushe Shari'a ba, ya zo ne ya cika ta, kuma daga nan maimakon ya rage sai ya zurfafa, kisa ya kai shi ga fushi da zagi, zina ya kai ta ga kallon sha'awa. A Markus 7 kuma ya nuna abin da ke fitowa daga zuciya ne ke ƙazantar da mutum ba abin da ya shiga ciki ba, Ayyukan Manzanni 10 ga wahayin Bitrus inda aka ce masa kada ya kira abin da Allah ya tsarkake mai ƙazanta, sura 15 ga taron manzanni a Urushalima inda suka ƙi ɗora wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, kaciya. Ibraniyawa 10 ta bayyana cewa hadayun nan da suka gajiyar da ni a farkon Firistoci inuwa ce, Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya ya gama. Daga baya na gane masana tauhidi sun daɗe da tattauna wannan, irin su Thomas Aquinas da John Calvin sun kasa dokokin gida uku, na ɗabi'a da na ibadar haikali da na mulkin ƙasar Isra'ila, suka ce na ɗabi'a su ne suke nan daram. Ba kowa ya yarda da wannan rabo ba, akwai masu cewa Littafin kansa bai ja layin haka ƙarara ba, ga kuma batun kiyaye ranar Asabar da har yau ikilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kai ba. Ni dai rabon ya taimaka min, musamman da na ga dokar lada da ta tsegumi duk Sabon Alkawari ya sake nanata su, Yakubu 5:4 ma cewa ya yi ladan ma'aikata da aka danne yana kuka.

Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba sai da na karanta Fitowa a jere, kafin Dokoki Goma a sura 20 Allah ya fara da tuna musu cewa shi ne ya fito da su daga Masar. Ya riga ya cece su kafin ya ba su doka. Haka Afisawa 2 take, aya 8 da 9 ceto ta wurin alheri ne ba ta ayyuka ba, mu kan tsaya a nan, alhali aya ta 10 ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Romawa 6 Bulus ya yi tambayar da kansa, mu ci gaba da zunubi ne don alheri ya ƙaru, ya ce sam. Ezekiyel 36:26-27 kuma ta nuna inda ƙarfin yake fitowa, sabuwar zuciya da Ruhun Allah a cikin mutum wanda zai sa shi bin umarnan. Da na haɗa waɗannan sai na ga masu wa'azin nan biyu kowa rabin magana ya riƙe, kuma nauyin da nake ji a ƙirji ya ragu sosai, ina biyayya ne yanzu kamar ɗan gida.

Akwai abu ɗaya da nake so in ja kunnen duk wanda zai yi amfani da ita, kuma wannan daga halinmu ne mu masu karatu. Manhajar tana ƙirga kwanakin da ka jera kana buɗe ta, niyyar mai kyau ce don mutum ya saba. Amma na kama kaina a wani lokaci ina buɗewa kafin sha biyun dare in leƙa ayar ranar in rufe don kar lissafina ya koma sifili, na kai kwana sittin da wani abu ina jin daɗi, a cikin kwanakin nan kuwa akwai wata 'yar'uwa da na yi sati uku ba na amsa gaisuwarta da zuciya ɗaya. Waya ta san na buɗe, ba ta san wannan ba. Yakubu 1:22-25 ya kwatanta irin wannan da mutumin da ya kalli fuskarsa a madubi ya juya ya manta kamanninsa, kuma da na karanta wurin na san da ni yake. Na daina duba lambar, na je na same ta muka yi magana. Ita ma ayar rana da ke fitowa kowace safiya tana da daɗi amma kar ka rayu a kanta kaɗai, ka danna ka buɗe surar gaba ɗaya ka ga abin da ke gabanta da bayanta, da ayar Firistoci 19:2 kaɗai na gani da har yanzu kuɗin mutumin nan ƙila suna hannuna.

Sauran abubuwa kaɗan. Za a iya ƙara girman rubutu, wannan zai yi wa iyayenmu masu raunin ido amfani, akwai baƙin shafi don karatun dare, kuma wasu fassarorin suna da murya ka sa iyafis ka saurara kana aiki. Ni na fi son in sa wayar a yanayin da saƙonni ba sa shigowa kafin in fara, don WhatsApp ɗaya in ya yi ƙara an gama da natsuwa.

Taurari biyar na ba manhajar. In kana da irin tambayar da na zo da ita, shawarata ka karanta Fitowa 20, Firistoci 19, Matiyu 5 zuwa 7, sai Romawa 6 zuwa 8 a jere, kar ka yi sauri, in wani wuri ya shige maka duhu ka kai wa fastonka ko wani dattijo a cikin bangaskiya. Akwai kuma damar gayyatar aboki ku bi karatu ɗaya kuna rubuta wa juna abin da kuka gani, yanzu haka ni da 'yar'uwar nan da muka shirya muna kan Zabura 119, ayoyi 176 ne kashi 22, muna ɗaukar aya takwas kowace rana, jiya muka gama kashi na tara.