Ajin masu jinyar tsofaffi na Aboabo, ga yadda na same shi

Jama'a duk mai tsoho ko tsohuwa kwance a gida a nan Kumasi ya nemi ajin nan da ake yi ran Asabar a Aboabo, wallahi ba talla nake ba. Malamar ta daɗe tana lacca a jami'a kan tsufa da yadda ake ba mutane shawara, da ta yi ritaya sai ta dawo zango tana koyar da irinmu masu jinya, kuɗin shiga ma bai taka kara ya karya ba kuma ana karɓar momo, wato biya ta waya.

Ni saboda kakata na shiga. Malamar ba surutu kawai take ba, tabarma take shimfiɗawa ta kwantar da ɗaya daga cikinmu ta nuna yadda ake juya mara lafiya duk bayan awa 2 a sa filo tsakanin gwiwoyi don kar gyambo ya fito a ƙugu da diddige. Ta hana mu ɗura koko idan haɗiya ta fara gagara, ta ce huhu yake wucewa, a jiƙa auduga a riƙa shafa leɓe. A bakinta wasu suka fara jin cewa wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, kuma a asibitin Komfo Anokye akwai masu kula da rage wa mara lafiya raɗaɗi ko da ciwon ba mai warkewa ba ne.

Amma ranar da ta fi taɓa ni ita ce ta ruɗewar tsufa. Ta kawo maganar tsohuwar nan da aka kashe a garin Kafaba da ke arewacin Ghana a 2020 wai mayya ce, ajin ya yi tsit, ta ce tsohuwar da take fita da dare tana kiran matattu ciwon ƙwaƙwalwa ne yake damunta, kar a yi musu da ita, a bi ta a hankali a dawo da ita ɗaki. Maganar mutuwa kuma da muke gudu ita gaba-gaɗi take yinta, a tambayi Baba bashin da ke kansa da wasiyyarsa tun yana cikin hayyacinsa, in lokaci ya zo a laƙƙana masa kalmar shahada a tausashe ba a cika ɗaki da kuka ba.

Inda suka gaza, takardun duk da Turanci ne alhali yawancin matan da ke zuwa ba su yi boko ba, ɗakin ga zafi fanka ɗaya, kuma sai Azahar ta wuce ba a tashi ba. Maza kuwa ƙalilan ne, abin ya dame ni sosai don ɗaga dattijo zuwa banɗaki ba aikin mace ɗaya ba ne. Yayana dai na riga na biya masa na wata mai zuwa.