PyMOL: idan launin ƙwayar zarra ya rikice, fara da duba fayil

Da manhajar PyMOL nake duba siffar furotin, kuma abin da ya ƙara mini ƙaunarta shi ne wani fayil na PDB (tsarin rubuta siffar furotin a fayil) da wata manhaja ta daban ta fitar mini. Na mayar da kabon ruwan toka, sai ga ɗigo-ɗigon kore shar a jere a ƙashin bayan furotin ɗin, kowane amino asid da nasa.

Launukan nan ba ado ba ne. Tsarin CPK suke bi, mai ɗauke da sunayen Corey da Pauling da Koltun: oksijin ja, naitirojin shuɗi, salfa rawaya, haidirojin fari. Kabon ne kawai PyMOL ke sauya wa launi daga wannan siffa zuwa waccan, ta farko kore, don a bambance su. Nan ne tarkon yake, domin kalsiyam ma kore ne, sai kuskuren ya ɓuya.

A tsarin PDB, gurbin harafi na 77 da 78 na layin kowace zarra ne ke ɗauke da alamar sinadari. Sunan CA kuwa fuska biyu gare shi: in ya fara daga gurbi na 13 kalsiyam ne, in daga na 14 alfa-kabon ne, wato kabon da ke tsakiyar kowane amino asid a ƙashin bayan furotin. Waccan manhajar ta haɗe su, ta rubuta kalsiyam a ko'ina. PyMOL abin da aka ba ta ta nuna.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Umarnin iterate ya fito mini da sinadarin kowace zarra, alter ya mayar da su kabon, color atomic ya maido da launi. Sai dai a lura, girman ƙwallon da ke wakiltar zarra ba ya bin launi. Sai an gyara vdw, wato ma'aunin girman zarra, sannan a buga rebuild.

A nan ƙarfin PyMOL yake: tana barin mutum ya taɓa kowace zarra da hannunsa. Amma wanda ya saba da latse-latse kaɗai zai ɗan sha wuya kafin hannunsa ya faɗa da rubuta umarni. Warren DeLano ne ya ƙirƙiro ta, Schrödinger ke kula da ita tun 2010, kuma akwai ta kyauta. Ga ɗalibi, wannan ta isa. In da hali, a sauko da fayil na mmCIF, wani tsarin fayil na daban, maimakon PDB, domin shi alamar sinadari filinta daban, ba ruwanta da ƙidayar gurbi.