Fas ko Marrakesh: Wanne Za Ka Zaɓa Idan Guzurinka Na Gari Ɗaya Ne?

Mai kwana biyar a Maroko kada ya ce sai ya zaga gari huɗu, a cikin jirgin ƙasa kwanakin za su ƙare. Idan ka sauka a Kasablanka, zaɓi biyu ne a gabanka: Fas, kusan awa huɗu a jirgin ƙasa, ko Marrakesh, kusan awa uku.

Ni dai Fas nake ba mutum shawara. Ga ɗan Tijjaniyya ma magana ta ƙare, domin can zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, inda aka binne shi a 1815. Amma ko ba ziyara ta kai ka ba, akwai masallacin Ƙarawiyyin da Faɗimatu al-Fihri ta kafa a 859, ga makarantar Bu Inaniyya da ta haura shekara 600, sassaƙen katakonta kaɗai ya isa ka tsaya kallo. Tsohon garin mota ba ta shiga, jaki da alfadari ke dakon kaya a lunguna. Idan ka ji an ce "balak", matsa gefe. Majemar Shuwara kuwa, duk wanda ya san aikin fata a Kano zai ji kamar gida ya zo, har warin. Sai dai lungunan na da hawa da gangara; mai tafiya da dattijo ya kama masauki kusa da ƙofar Bab Bu Jalud.

Marrakesh garin kasuwa ne da hayaniya. Sarakunan daular Murabiɗun suka kafa shi wajen 1070, hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77 ita ce alamarsa. Da magariba filin Jami'ul Fana kan cika da masu abinci da makaɗa da 'yan wasa. Baƙi sun yi masa yawa, shi ya sa farashin farko a kasuwa ba na saye ba ne, sai ka zage ka yi ciniki. Zafinsa a Yuli da Agusta kan wuce digiri 40, gara Afrilu ko Oktoba.

Fas na da wata riba kuma: Miknas, birnin Sarki Maulaya Isma'il, bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Ka je da safe, ka ga ƙofar Bab Mansur, ka dawo ka yi magariba a zawiya.